Hutun ƙarshen shekara a cikin jirgin ruwa: kurakuran da sababbin shiga suka fi yi

A Ingila akwai mutanen da ba su da ɗaki a tudu, jirgin ruwa ne gidansu. Galibin jiragen dogaye ne sirara, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10, an ƙera su haka don su iya ratsa ƙofofin tsofaffin magudanan ruwan da aka haƙa tun ƙarni na 18 domin dakon kwal da sauran kaya. Hukumar Canal & River Trust, wadda aka kafa a 2012, ita ke kula da kusan mil 2,000 na hanyoyin ruwan Ingila da Wales. Da sanyi ya kawo jiki, da yawa sukan kama haya a marina, wato tashar da ake ɗaure jirage, mai wutar lantarki da famfo. Na yi damina da hunturu sau biyu a irin wannan tasha, kuma ban ga makon da ke tona asirin sabon shiga kamar na Kirsimeti ba. Ofishin tashar a rufe, manyan kantuna a rufe ranar 25 ga Disamba bisa doka, maƙwabta rabi sun tafi wajen dangi. Abin da ba ka tanada ba, sai dai haƙuri.

Zan fara da wanda ke kisa. Mutum ya ji iska mai sanyi na shigowa ta ƴan ramukan da ke jikin ƙofa da rufin jirgi, sai ya samo tsumma ko salatif ya toshe su. Yana ganin dabara ya yi. Alhali ramukan nan da gangan aka bar su, domin murhun kwal da risho mai gas suna cin iskar da kake shaƙa. Idan iska ta yi musu kaɗan, sai su fara fitar da gubar da ake kira kabon monokzayid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Duk wanda ya taɓa jin labarin iyalin da suka shigar da kaskon wuta ɗaki da hunturu suka ja ƙofa, ko suka kwana da janareta a soro, ya san ƙarshen zancen. Abin da ya sa ta fi haɗari a Disamba shi ne alamunta sak na mura: ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya. Sai mutum ya ce sanyi ne ya kama shi, ya ƙara ja bargo. Tun watan Afrilun 2019 dokar lafiyar jirage ta wajabta sa ƙararrawar gano wannan guba a jirgin da ake kwana a ciki. Ka danna maɓallinta ka ji ta yi kuka kafin hutu, ka share bututun hayaƙi, ka bar ramukan iska yadda ka same su. Toka kuma, wadda mutane ke rainawa: bokitin toka mai ɗumi yana ci gaba da fitar da gubar sa'o'i bayan ka kwashe ta. A fitar da shi can kan tudu, ba bakin ƙofa ba.

Toshe iska yana da wani sakamakon, mai sauƙi amma mai cin rai. Jikin jirgin ƙarfe ne zaune cikin ruwan sanyi, don haka duk tururin girki da numfashi da wankin da ka shanya a ciki sai ya koma raɓa a tagogi da bango. Ni sai da na ɗaga katifa wata safiya na tarar da ƙasanta ya yi baƙi da funfuna kafin na gane. Maganinsa ɗumi kaɗan-kaɗan wanda ba ya yankewa, maimakon a cika murhu ya yi ja da dare a bar shi ya mutu da asuba. A rufe tukunya in ana girki, a ɗan sassauta ƙyauren sama, a jingine katifa da rana ta sha iska.

Sai wuta. Sandar lantarkin da ke gefen jirgi yawanci amfiya 16 take bayarwa, wato wajen wat 3,600 da ɗoriya. Butar lantarki ita kaɗai tana iya jan 3,000, hita kuma 2,000. Lissafin ba ya buƙatar malami: ka kunna su tare, wuta ta ɗauke, ka fita cikin duhu da silifa kana laluben makunni. A wasu tashoshin ma akwatin a kulle yake, mai mabuɗin kuma yana can yana cin talotalo da iyalinsa. Ka saba da kunna manyan kaya ɗaya bayan ɗaya, ka dafa ruwan shayi a kan murhun da ke ci dama. Idan mitarka ta kati ce, saya da rara tun ofis na buɗe. Kada kuma ka dogara da sola: a ranar 21 ga Disamba hasken rana a Landan bai cika sa'o'i 8 ba, ita ma ranar tana can ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya.

Gas ma yana da nasa halin. Iri biyu ake sayarwa, butan da furofan, kuma a tukwanen kamfanin Calor na farko shuɗi ne, na biyu ja. Butan yana daina fitowa idan sanyi ya kai wajen digiri 0, sai ka ga tukunya da nauyinta amma risho ya ƙi kamawa. Furofan ba ruwansa da irin wannan sanyi. Kuskuren da ya fi dogaro da butan muni shi ne a ɗauko tukunyar a shigo da ita ciki wai ta ɗumama. Gas ya fi iska nauyi, idan ya yi yoyo ƙasan jirgi yake gangarawa ya kwanta, ba ƙofar da zai fita, yana jiran ƙyastawa ɗaya. Shi ya sa aka yi masa akwati na musamman a waje mai hujin da ke zubarwa. In za ka koma furofan, kan tukunyar ma daban ne, ka nemo ma'aikaci mai lasisi ya canja maka. Tukunya ta biyu cike kuwa ba almubazzaranci ba ce.

Ruwan sha: famfunan da ke kan gadar katakon da ake ɗaure jirage a jikinta sukan daskare, wasu tashoshin ma kashe su suke yi da kansu kada bututu ya fashe. Duk ranar da ka ga famfo na zuba, cika tanki ko da rabi ya rage, sannan ka zazzage tiyo kafin ka naɗe shi, in ba haka ba gobe sanda za ka tarar. Mai tafiya ya bar jirgi kwanaki ya kashe injin tura ruwa, ya buɗe famfunan ciki su tsiyaye.

Baƙi rahama ne, amma tankin ban-ɗaki bai san haka ba. Wanda ke kai mutum biyu ƴan kwanaki, mutum shida za su cika shi kafin la'asar. A zubar da shi tun ranar 23 ko 24, a kuma cire kunya a nuna wa kowa yadda ake amfani da shi da abin da ba a jefawa ciki. Na fi son in ji nauyin minti ɗaya da in yi dakon abin da ba ya faɗuwa a cikin ƙanƙara.

Ita gadar katakon, da dare raɓa ke daskarewa a kanta ta zama kamar an shafa man gyaɗa. Ga duhu tun ƙarfe huɗu, ga hannu biyu riƙe da ledoji. Ruwan da bai kai digiri 15 ba yana sa numfashi ya ƙwace wa mutum nan take, komai iya iyonsa, kuma na Disamba ya yi ƙasa da haka nesa. Ƙungiyar ceto ta RNLI tana koyar da cewa wanda ya faɗa kada ya yi ta fafutika, ya kwanta rigingine ya buɗe hannuwa har numfashi ya dawo, sannan ya nemi mafita. Ka san inda tsanin fita yake tun da rana, domin gefen jirgi santsi ne ba wurin kamawa. Ka barbaɗa yashi a mashigarka, ka sa kaya a jakar goyo hannu ɗaya ya zama a sake, ka raka baƙinka da tocila har ƙofar tasha. Maƙwabcina wani dattijo, da ya shekara fiye da ashirin a ruwa, har ƙaramin usur yake ratayawa a wuya idan zai fita ɗebo kwal da dare.