Kafin ka miƙa wa ɗan haya makulli

To Alhaji ka gama ginin nan, Allah ya sanya albarka, amma dan Allah kar ganin kuɗin shekara ya sa ka yi gaggawa.

Da farko ka san waye mutumin. Kar ka tsaya kan maganar dillali kawai, shi la'adarsa yake nema. Ka tambayi sana'arsa, iyalansa nawa, sannan ka je unguwar da ya baro ka ji ta bakin tsohon mai gidansa ko mai unguwa, wallahi tafiyar awa ɗaya ce amma za ta raba ka da zaryar kotu.

Sai rubutu. Ko ɗan yayarka ne ku rubuta yarjejeniya, in da hali wajen lauya: nawa ne kuɗin, yaushe zai ƙare, wa zai gyara famfo in ya lalace, wa zai biya kwasar masai, wata nawa ne notis ɗin tashi. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.

Ranar shiga ku zagaya gidan tare da wayarka, ka ɗauki hoton ƙofofi, tayil, silin, soket, har lambar mita da bashin wutar da ke kai, don nan ne rigima ta fi tashi, ni dai na taɓa biyan bashin wata takwas na wutar da ban sha ba.

Kuɗi kuwa ta banki, ka yanka masa rasit nan take, sannan ka ba shi makulli ka ajiye sifiya ɗaya a wajenka da saninsa.