Yadda Ake Ɗaukar Hoton M83 Har Sandar Tsakiyarsa Ta Fito

Akwai gungun taurarin da hannuwansa masu murɗewa ba daga cibiya suke tasowa ba, sai daga bakin wata miƙaƙƙiyar sanda ta taurari da ta ratsa tsakiya. Ga mai koyon ɗaukar hoton irin wannan gungu, M83 ya fi sauƙi. Nisansa kusan shekarun haske miliyan 15, yana can sararin kudu, kuma ya fi ɗagowa a daren Afrilu da Mayu. NGC 1300 ya fi shi fitacciyar sanda, amma ƙarami ne kuma dishi-dishi. A bar shi sai hannu ya faɗa.

Madubin hangen nesa mai faɗin milimita 200 da tsawon hange milimita 1000 ya wadatar. Mazauninsa ya fi shi muhimmanci: dole ya zama mai injin da ke bin juyawar sama, a kuma saita shi daidai da kusurwar da sama ke juyawa a kanta. In saitin ya kauce, taurari za su fito da jela. Ƙaramar kamarar jagora da manhajar PHD2 suna gyara ɗan zamewar da ta rage.

Zaɓi daren da babu farin wata, nesa da fitilun gari. Sa ISO, wato ma'aunin yadda kamara ke jin haske, a kan 800, ka buɗe kamara daƙiƙa 180 a kowane hoto, har jimilla ta kai awa huɗu ko fi. Riƙa duba kaifin hoton duk bayan awa, domin sanyi yana tsuke ƙarfen madubi, raɓa kuma tana dusashe gilashi.

Ga inda aka fi yin asara. Cibiyar M83 tana da haske ƙwarai, doguwar buɗewa kan mayar da ita farin tabo, ta haɗiye siraran layukan ƙurar da ke bin gefen sandar, alhali su ne kyan hoton. Maganinsa, ka ƙara hotuna 40 na daƙiƙa 30 don tsakiyar kaɗai.

Kafin ka kwance kaya, rufe bakin madubi ka ɗauki hotunan duhu 20, tsawon lokaci ɗaya da hotunan farko na daƙiƙa 180. Sannan ka buɗe shi ka ɗauki 20 na farin haske bai-ɗaya, ba tare da ka juya kamara ba, su ke share inuwar ƙurar da ke kan gilashi da kamara. Haɗa su duka a manhajar Siril, ka riƙa ɗaga hasken kaɗan-kaɗan idonka na kan cibiya. Da zarar layukan ƙurar sun fara ɓacewa, ka koma baya taki ɗaya.