Kankare mai kwanciya da kansa: kurakuran da aka fi yi wajen zuba shi

Duk kafinta ko birkilan da ke aiki a manyan gine-ginen Abuja, irin na Guzape ko Katampe, wata rana zai haɗu da kankaren nan mai malala kamar kunu, wanda ke ratsa tsakanin rodi ya cika kowane lungu ba tare da injin girgiza ba. A Japan aka fara haɗa shi a 1988, a hannun Farfesa Hajime Okamura na Jami'ar Tokyo. Kaya ne mai kyau, amma haɗarinsa yana tasowa ne idan aka bi da shi yadda aka saba bi da kankaren gargajiya.

Kuskuren da ya fi tayar mini da hankali shi ne na katakon da ake zuba shi a ciki. Kafinta ya ɗaure fila ko bango da 'yan ƙusoshi da waya, ya ce ai haka muke yi kullum. To, wannan kankaren yana tura katako ne da kusan dukkan nauyinsa. Mita ɗaya murabba'i a gindin bango mai tsayin mita 3 na iya ɗaukar turin kusan tan 7. Idan ya ɓalle, gaba ɗaya yake zubowa, kuma leburan da ke ƙasa shi ne abin tausayi. Don haka injiniya ya lissafa ɗauri da tokare tun kafin motar kankare ta iso, a toshe kowace kafa, a riƙa zubawa a hankali. A tsayar da mutum guda yana kallon katakon, ya ga kumburi ko yoyo ya ce a dakata. Kada kowa ya tsaya a gindinsa.

Sai ƙara ruwa. Mota ta daɗe a cunkoson hanyar Nyanya cikin zafin Maris, kaya ya fara kauri, wani ya jawo tiyo. Ruwan nan zai sa tsakuwa ta nutse, siminti ya taso sama. A gwada faɗin malalar kankaren a kan faranti, yawanci tsakanin milimita 550 zuwa 850. Kankaren da ya saɓa wa abin da injiniya ya rubuta, a mayar da shi. Cusa masa injin girgiza ma rarraba shi yake yi.

Bakin tiyon famfon da ke tura kankaren yana fizga idan iska ta shiga ko ya toshe. Kada a kwance bututu sai an sauke ƙarfin da ke ciki.

Silifas ba takalmin aiki ba ne. Ɗanyen siminti yana cin fata a hankali, mutum ba ya ji sai ya yi gyambo. Dogon takalmin roba, safar hannu, tabarau da hular kwano, ɗan kwangila ne zai samar da su. Wanda kankare ya shiga takalminsa ya cire nan take ya wanke ƙafa da ruwa mai yawa.

Da hunturu kuwa, a rufe daɓen da leda da wuri, domin samansa na saurin bushewa ya tsattsage.