Yadda samarin layi za su mayar da shara kuɗi

Duk damina labarin ɗaya ne a Kano, kwata ta toshe da ledar fiya wata, ruwa ya shigo har tsakar gida, sai a koma majalisa ana ta ƙorafi wai ina REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha. To motarsu ba kowane lungu take iya shiga ba, balle sababbin unguwannin nan da ake ta yanka filaye ko hanyar kirki babu.

Fara da gidanku. Samo buhu uku, tsohon buhun shinkafa ma ya isa. Ɗaya na roba da leda, ɗaya na ƙarfe da gwangwani, na ukun na abin da ke ruɓewa irin su ɓawon doya da ganye. Amma ka lallaɓa Hajiya tukuna, don kicin nata ne, in ba ta yarda ba wallahi aikin banza kake.

Sai ka ja abokai ko huɗu ne. Nan ake shan daga, kowa na tsoron 'yan matan layi su ce masa baban bola, kar ka tsaya dogon wa'azi, bari ranar da aka fara raba kuɗin data za ka ga masu zuwa da kansu. Ku je gun mai unguwa ya nuna muku inda za ku riƙa tarawa, ku sa Asabar ɗin ƙarshen wata ta tsaftar muhalli ta zama ranar bin gida gida, tunda dama kowa na gida da safe.

Wajen sayarwa 'yan gwangwan da kilo suke awo, don haka ku ware kaya. Ku sa maganaɗisu, gwangwanin lemon da bai kama ba alminiyam ne, ya fi ƙarfe tsada, kar ku bari a haɗa muku su a sikeli ɗaya. Gorar roba a taka ta ta lotse, leda a shanya ta bushe.

Buhu na uku kuwa rami za ku haƙa, ku zuba da kashin awaki da 'yar toka, ku yayyafa ruwa kuna juyawa duk sati, wata biyu zuwa uku ya zama taki. Manoman bayan gari tun zamanin jaki da mangala suke ɗibar takin birni, masu lambu za su saya.

Banda ƙona leda, hayaƙinta illa ne ga ƙirji. Kuma ku sayi safar hannu mai kauri tun ranar farko, akwai fasasshiyar kwalba da allura a cikin bola.