Yadda Ake Koyar da Ma'aikatan Tiyata Kiyaye Majinyaci ta Hanyar Wasa

A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tantancewa mai abubuwa 19 da ake dubawa a ɗakin tiyata a gaɓoɓi uku: kafin a sa majinyaci barci, kafin wuƙa ta taɓa fata, da kuma kafin a fita da shi daga ɗakin. Haddace ta ba wuya. Wuyar ita ce ƙaramar nas ta buɗe baki ta ce wa babban likita, "Ranka ya daɗe, audugar ba ta cika ba." Lacca ba ta cika koyar da wannan ba, shi ya sa ake shirya wasa.

Da farko a samu ɗakin da ba a aiki a cikinsa, a kwantar da mutum-mutumi a kan gado, in babu shi kuwa matashin kai da aka lulluɓe da zane ya wadatar. Sai mai shirya wasan ya ɓoye kurakurai huɗu ko biyar: kati mai sunan wani majinyaci daban, alamar tiyata a ƙafar hagu alhali takarda ta ce dama, auduga tara inda aka rubuta goma, da maganin da wa'adinsa ya wuce.

Daga nan a raba mutane rukuni-rukuni, kowanne da likitan fiɗa da mai sa barci da nas. A asibitin koyarwa irin na Shika a haɗa har da ɗalibai, kuma kada a bar manya su ware gefe guda. Kowane rukuni a ba shi minti biyar.

Rabon maki ya fi komai muhimmanci. Wanda ya gano kuskure ya samu maki ɗaya, amma wanda ya faɗe shi a fili har ya tsayar da aiki ya samu uku. A nan ne za a roƙi babban likita, a asirce, ya riƙa gaggauta su yana cewa, "Mu fara, lokaci na tafiya," domin a ga wanda zai iya cewa a dakata. A zagayen farko akan yi shiru ana kallon juna, kuma wannan shirun shi ake so kowa ya gani da idonsa.

Bayan an gama a zauna a tattauna abin da ya hana mutane magana, ba tare da an kama sunan wanda ya kasa ba, domin wanda aka kunyata ba zai dawo ba. A maimaita wasan duk wata da sababbin kurakurai, a kuma sauya wanda zai taka rawar mai gaggawa.