Idan An Hana Ka Haƙƙinka Saboda Nakasa, Ka Fara Da Takarda

Mai nuna maka wariya ba kasafai zai fito fili ya ce saboda kekenka ne ba. Cewa zai yi gurbi ya cika, ko ofishin a bene yake, ko "ka je za mu neme ka". Ni a kan keken guragu nake, na san waɗannan maganganu kamar yunwar cikina. Shi ya sa shawarata ta farko ita ce kada ka bar wurin hannu rabbana. Ka ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a ba ni dalilin a rubuce." Da wuya su ba ka. To kai ka rubuta da kanka a ranar: kwanan wata, lokaci, muƙamin wanda ya yi maganar, kalmomin da suka fito daga bakinsa, da wanda ya ji. Ɗauki hoton matattakalar da ta tare ka. Kada ka goge saƙon waya ko ɗaya.

Sannan ka nemi takamaiman abu. "A yi mana adalci" magana ce da kowa zai gyaɗa wa kai ya wuce. Rubuta wasiƙa ka ce a sauko da ganawar ƙasan bene, ko a kawo mai fassara da yaren kurame, ko a buga takardar jarrabawa da rubutun makafi. Ka riƙe kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa. Muhimmancin wannan shi ne yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa, wadda aka amince da ita a 2006 ta fara aiki a 2008, ta ɗauki ƙin yi maka gyaran da bai fi ƙarfin ma'aikata ba a matsayin wariya. Ba alfarma kake roƙo ba. Da zarar sun ƙi, shaidarka ta samu.

Amma kotu da dokar ƙasarka za ta yi aiki, don haka ka nemo ta ka karanta, ko a karanta maka. Amurka tana da tata tun 1990, Birtaniya ta haɗe nata a dokar daidaito ta 2010. A Nijeriya an sa hannu a Janairun 2019: wanda ya nuna wariya, in mutum ɗaya ne, tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, kamfani kuma naira miliyan 1, kuma wanda aka cuta yana iya shigar da ƙarar neman diyya daban. Abin da za ka fara dubawa a ciki shi ne wa'adi. A Amurka, alal misali, kwana 180 ne a ƙa'ida don kai koken wariya a wurin aiki. Mutane da yawa a nan suke rasa gaskiyarsu, suna zaman jiran a "neme su".

Ban cika son a fara da kotu ba, tana cin kuɗi da lokaci. Fara da shugabannin wurin, in shiru, sai hukumar masu nakasa ko ta kare haƙƙin ɗan'adam. Kuma ka tafi da ƙungiya: wasiƙar da ta fito da sunan ƙungiyar masu nakasa ta fi saurin samun amsa, kuma su suka san lauyoyin da ke tsayawa kyauta. Idan duk ƙofofin gida sun ƙare, akwai kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva mai karɓar koken mutum ɗaya, muddin ƙasarka ta amince da ƙarin yarjejeniyar da ta ba da wannan dama.