Cire Kaska Daga Jikin Mesar Gida

Mesar da aka kamo daga daji kusan kullum da kaska take zuwa. Ni daga kai nake fara dubawa: gefen ido, hanci, ƙarƙashin haɓa, sannan gindin wutsiya, domin can suka fi maƙalewa.

Sa wani ya riƙe maka kanta. Kama kaskar da hantsaki daf da fata, ka ja a hankali, kada ka murɗa, kar bakinta ya karye a ciki. Shafa aidin a wurin. Don Allah ban da kananzir, ƙona fata yake yi.

In ka ga mesar tana yawan kwanciya cikin kwanon ruwa, duba ƙasan kwanon. Baƙaƙen ɗigo kamar garin masoro ƙananan ƙwari ne masu shan jini. Tsutsar ciki kuwa, kai ɗanyen kashinta wurin likitan dabbobi ya gwada.